Abin da Lorena Ta Gaya wa Ɗan Sanda

Ranar da muka ɗaure get ɗin jami'a da sarƙa, ranar ce Lorena Pickett ta taka Desmond Tillman a ƙafa.

Safiyar Litinin ce, cikin Oktoba. Ta taho daga ɗakin da take haya a cikin gari, rungume da littattafai, sai ta tarar an gicciye motoci a bakin get, ɗalibai sun fi ɗari uku, hannuwa na tashi ta ko'ina. Satinta shida ke nan a jami'ar kurame, kuma a kalma biyar ta yaren hannu ɗaya take tsinta. Ta ja da baya don ta karanta wani kwali, dunduniyar takalminta ta sauka a kan yatsun wani dogon saurayi.

Ta juyo a firgice, ta ɗora tafin hannu a ƙirji tana murzawa. A yarenmu dunƙulallen hannu a ƙirji shi ne "yi haƙuri", buɗaɗɗe kuwa "don Allah". Ita buɗaɗɗe ta yi.

Ya dube ta, ya dubi ƙafarsa. "Don Allah me? In miƙo miki ɗayar?"

Ba ta gane ba. Ya maimaita a hankali, har da ɗaga ɗaya ƙafar. Da ta gane, kunya ta kama ta, hannuwanta suka hau kaɗawa a iska suna neman kalmar da ta ɓace.

"Tsaya, tsaya," ya ce yana dariya. "Kamar tattabara za ta tashi. Ina za ki?"

"Lacca."

"Babu lacca. Mun rufe makaranta."

"Saboda me?"

"Zo in ba ki kofi. Amsar tana da tsawo."

Desmond shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai, yana shekarar ƙarshe a sashen tarihi. Kakanninsa kurame ne, iyayensa kurame, dukansu kuma a nan suka yi karatu. Lorena kuwa da kunnenta aka haife ta a Dayton. Har waƙa take a cocin da babanta ke jagorantar mawaƙa, kafin sanƙarau ya kwantar da ita tana da shekara sha shida, ta tashi duniya ta yi tsit.

Ya bayyana mata cewa hukumar jami'a, wadda yawancinta masu ji ne, ta naɗa Dakta Pruitt sabon shugaba ba tare da ta tuntuɓi kowa ba. Ta kama rabin bayanin. Don ta cike sauran ta zagaya cikin tantunan da ɗalibai suka kafa tana tambaya, abin ya ƙara dagule mata. Wani ya ce maguɗi aka yi a zaɓen. Wata ta ce an cire ɗan takara baƙar fata tun zagayen farko, alhali ya fi kowa cancanta. Wani kuma cewa ya yi mutumin shekara shida yana mataimakin shugaba bai taɓa gaida ɗalibi ba. Na ƙarshen ya taɓe baki kawai ya ce, "Ba kurma ba ne na gaske. Da girmansa ya kurumce. Ki ga hannunsa, kamar itace."

Ta koma ɗaki ba ta san wanne za ta riƙe ba. Amma washegari ta dawo, kuma ba don Dakta Pruitt ba.

Kafin sati ya zagayo kowa ya san sunanta na hannu, wanda Desmond ya raɗa mata: yatsu biyu suna kaɗawa a gefen kumatu. Ita ke raba kofi da safe, shi kuma duk inda ya sami minti goma zai zo ya zauna a bakin tebur ɗinta yana gyara mata yatsu. Abin da hannu ya kasa, waya ta ɗauka.

"Tattabara, kin ci abinci? Tsofaffin ɗalibai sun aiko da pizza. Na ɓoye miki yanka biyu a ƙarƙashin kwalin da aka rubuta ADALCI."

"Ciyaman, ai wannan shi ne rashin adalcin."

"Ki zo ki ci tukuna, sai ki kai ni ƙara."

Wata rana ya turo: "Yau na tsaya gaban mutum ɗari biyar ina jawabi, na hango ki kina zuba sukari, na manta buƙatarmu ta uku."

"Mece ce ta ukun?"

"Har yanzu ban tuna ba."

Mai lura da duk wannan ita ce Priscilla Hargrove, sakatariyar ƙungiya. Tun suna shekara biyar ita da Desmond suke makarantar kurame ɗaya, kuma iyayensu mata sun daɗe da gama tsara musu aure a zuci. Hannun Priscilla kamar ruwa yake. A taron ranar Asabar ta hau kan mota ta kwaikwayi Dakta Pruitt: ta sandarar da kafaɗu, ta riƙa motsa baki kamar kifi, yatsu na tuntuɓe. Muka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Desmond ma ya yi.

Lorena ba ta yi ba. Bayan an watse ta ja shi bayan tanti.

"Haka nake yi?"

"Yi me?"

"Hannuna. Irin nasa ne."

"Haba, ke daban ce."

"Ta ina? Shi yana da ashirin ya kurumce, ni sha shida."

"Ke kina koyo. Shi shekara talatin bai koya ba."

"Idan na yi talatin ɗin ban iya ba fa? Ni ma za a hau mota?"

"Ba don hannunsa muke wannan abin ba, Tattabara."

"To don me aka yi dariya?"

Ya kama yatsunta ya sumbata, ta bar shi, amma tambayar ba ta tafi ba.

Ranar Lahadi mahaifiyarsa, Misis Odessa Tillman, ta zo daga Baltimore da tukwanen soyayyar kaza da burodin masara. Desmond ya kawo Lorena ta gaishe ta.

"Wace makarantar kurame kika yi, 'yata?"

"Ban yi ba, Misis Tillman. Ta masu ji na yi."

"Iyayenki fa?"

"Masu ji ne."

"Suna yaren hannu?"

"A'a."

Matar ta yi murmushi, ta zuba mata kaza har biyu. Sannan ta juya ga ɗanta, hannunta na gudu da gangan: "Irin waɗannan, ranar da likita ya ce zai gyara musu kunne tafiya suke. Na ga uku da idona. Kar ka zama na huɗu da za a bari."

Lorena ta tsinci "likita", ta tsinci "tafiya". A wayarta kuwa akwai saƙon babanta tun jiya, wanda ba ta nuna wa kowa ba:

"Lorena, na ga makarantarku a talabijin. Ba don ki zauna a tanti na kai ki ba. Wane ne yaron nan da ya dafa miki kafaɗa? Likitan Columbus ya ba mu rana, ya ce akwai yiwuwar na'urar da ake dasawa a kunne ta yi miki aiki. Juma'a ina zuwa ɗaukarki."

Ta rasa yadda aka yi matar ta sani. Ba ta sani ba ɗin, hasashe ne, amma Lorena ta kwana biyar tana jin kamar an kama ta da laifin da ita kanta ba ta yanke shawarar aikatawa ba.

Juma'ar ce kuma hukuma ta kira 'yan sanda. Ƙarfe uku na yamma muka zauna layi-layi a bakin get, muka sarƙe hannuwa. Tafinta ɗaya aka zo da shi, shi ma ya ɓace a can ƙarshen taro. Lorena na tsallaken titi, inda babanta ya faka mota yana nuna mata kujerar gaba.

Zan faɗi abin da muka gani, domin ni ma ina layi na biyu. Mun ga an fara ɗaga wasu 'yan gefe ana ɗaure musu hannu ta baya. Mun ga Lorena ta ƙetaro titi a guje, babanta na biye da ita, ta tsaya gaban babban ofisan 'yan sandan. Bakinta na motsi da sauri. Ta nuna Desmond da yatsa, ta nuna Priscilla, ta nuna ma'ajin ƙungiya. Ofisan ya gyaɗa kai, ya yi magana a rediyonsa. Minti biyu ba a yi ba aka ɗauke su ukun, a jeren da ta nuna.

Mutum ɗari da talatin aka kama. Kafin a sake su washegari da safe, bidiyon da wani ya ɗauka ya shiga kowace waya. Masu karanta leɓe suka taru a kansa, amma ta gefe aka ɗauke ta. Wani ya ce ya ga "shugabanni". Wani ya ce ya ga "ku ɗaure". Priscilla ta ce, "Me kuke nema kuma? Kurma ce a kunne, mai ji ce a ka. Ta koma wa 'yan uwanta."

Ni ma na yarda. Ba zan ɓoye ba.

Saƙon Desmond ya shigo mata wajen goma na safe, kuma babu Tattabara a ciki.

"Lorena, me kika gaya masa?"

"Har sai ka tambaye ni?"

"Na ga yatsanki a kaina. Ban ce kin yi ba. Ban san me na gani ba."

"Idan na faɗa wa zai shaida? Ni kaina ban ji abin da ya fita daga bakina ba."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Ita kuma ta zo bakin get don ta yi bayani, duk wanda ta taɓa wa kafaɗa sai ya kau da ido. Ta koma ta buɗe motar babanta ta shiga.

Sati biyu ta yi a Dayton. An kai ta wajen likita, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce mai yiwuwa ta ji wani abu, mai yiwuwa ba kamar da ba. Ta ce a ba ta lokaci. Ranar Lahadi dangi suka cika tebur, ana ci ana hira. Aka fashe da dariya, ta taɓa innarta ta ce, "Me aka ce?" Innar ta shafa mata hannu: "Ba komai, anjima zan gaya miki." Sau uku ana haka. Daga na uku ba ta sake tambaya ba.

Mista Pickett na kallonta daga kan tebur. Bayan an tashi ya rubuta mata a takarda, kamar yadda suka saba: "Ba ki ji daɗin dawowa gida ba?"

Ta amsa da murya, a hankali. "Ban sani ba, Baba. Can sun ce ni taku ce. Nan kuma ina zaune kamar kujera."

Shi kaɗai ya san abin da ke cin sa. Yana tsaye a bayanta ranar Juma'ar nan, ya ji komai. Ya kuma ga bidiyon, ya san abin da ake faɗa a kanta, ya yi shiru saboda ƙaryar ta dawo masa da 'yarsa gida.

Asabar ta gaba ya ce zai je taron mawaƙan coci a wani gari. Amma jami'ar ya nufa, ya tuƙa awa takwas. Ranar Lahadi da hantsi sai ga shi a bakin get da littafin rubutu a hammata, yana nuna wa mutane hoton Desmond a jarida. Aka kai shi wajen mai rabon kaza, mahaifiyar Desmond.

Ya rubuta: "Ni ne uban Lorena. Ba na son ɗanki. Amma ina wurin, kuma ni ina ji. Ga abin da ta ce wa ofisan: 'Don girman Allah kada ku ɗaure musu hannu ta baya, da hannun suke magana. Wancan da waccan da wancan su ne shugabanni. Ku bar nasu hannun a gaba, za su iya kwantar wa sauran da hankali, kada a ji wa wani ciwo.' Ya ce doka ce. Ta ce, 'To ku ɗaure ni tare da shi.' Shekara huɗu ban ji ta ɗaga murya ba sai ranar. Na sani tuntuni, na yi shiru."

Misis Tillman ta karanta sau biyu. Ta karɓi biron ta rubuta a ƙasa: "Ni ma ba na son 'yarka. Na yi kuskure. Ka ci abinci?"

A yammacin nan hukuma ta sanar da janye naɗin Dakta Pruitt. Hannuwa suka tashi sama ana kaɗawa, ana buga ƙafa har ƙasa na girgiza, tsofaffi na kuka. Ana cikin haka Desmond ya hau kan mota da littafin Mista Pickett, ya fassara mana shi kalma-kalma.

Priscilla ta yi tsalle ta hau gefensa. "To ai ta nuna mu! Ko ba ta nuna ba?"

"Ta nuna," in ji shi. "Mu da muka yi sati uku a talabijin, wa bai san mu ba?" Ya juyo gare mu. "Mun zargi hukuma da yanke hukunci ba ta saurare mu ba. Mu fa, wa muka saurara? Kuma in tambaye ku, mutumin nan don halinsa muka kore shi ko don hannunsa? Ni da na ja ku ban iya rantsewa ba. Shugaban da za a kawo nan gaba, da mu za a zaɓe shi. Amma duk wanda zai sake yi wa hannun wani dariya, kada ya tsaya a layina."

Wasu suka kaɗa masa hannu, wasu suka ce ya ɓata ranar murna. Da yawanmu tsayawa muka yi muna kallon juna.

Washegari ya shiga motar Mista Pickett. Awa takwas, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya yaren hannu. Da suka tsaya shan mai, dattijon ya buɗe littafi ya rubuta: "Wane aiki za ka yi?"

"Koyarwa, Mista Pickett."

"Jikokina za su ji?"

"Wataƙila. Wataƙila a'a."

Mista Pickett ya rufe littafin. Sannan ya shiga kanti ya fito da kofi biyu.

Sun sami Lorena a ƙofar gida tana share ganye. Ta ga babanta, ta ga wanda ya fito ta ɗaya ƙofar, tsintsiyar ta faɗi. Baban ya wuce ciki bai waiwayo ba.

"Na san abin da kika ce," in ji Desmond.

"Wa ya gaya maka?"

Ya nuna gidan.

"Wato sai da mai ji ya faɗa ka yarda."

Maganar ta same shi. "Eh. Shi ya fi komai ba ni kunya. Ki yafe mini."

"Kwana goma sha shida, Desmond. Ko saƙo ɗaya."

"Na rubuta sun fi hamsin. Duk wanda na karanta sai in ga ko ina zarginki ko ina yi miki ƙarya."

Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyar, ta sake ajiyewa don tana buƙatar hannun. "Na je wajen likitan. Idan na ce a sa mini na'urar fa?"

"Zan tsorata. Mama za ta yi wata guda tana fushi. Amma kunnenki ne."

"Ban ce zan sa ba."

"Ni ma ban ce kada ki sa ba."

"To me muka ce ke nan?"

"Ban sani ba, Tattabara. Abu ɗaya na sani a duk watan nan, shi ya kawo ni. Ki dawo makaranta. Idan kin gama, ki aure ni."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Ciyaman, buƙata biyu ke nan a lokaci ɗaya. Ta farkon na amince. Ta biyun sai na ga halinka."

Shekara biyu ta yi tana ganin halinsa. A tsakani aka zaɓi sabuwar shugaba, kurma tun haihuwa, da ɗalibai uku a cikin kwamitin zaɓe, Lorena ɗaya daga ciki. Na'urar kuwa har yau ba ta sa ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Priscilla ta ɗauki wata huɗu kafin ta same ta a ɗakin karatu ta ba ta haƙuri, a tsaye, ba ta ko zauna ba. Amma ta zo bikin.

An ɗaura auren cikin watan Yuni a cocin kurame na Baltimore. Mutanen Dayton suka cika ɓangare ɗaya da hulunansu na coci, mu muka cika ɗayan. Mawaƙan Mista Pickett suka rera, aka jingina babbar ganga da katakon dandamali don mu ji ta tafin ƙafa. Da fasto ya ce sun zama miji da mata, rabin coci na tafi, rabi na kaɗa hannu, yara suka rasa wanne za su bi suka haɗa duka.

A wajen cin abinci Misis Tillman ta miƙe, tafinta ya tsaya kusa da ita saboda baƙi.

"Lorena, daga yau Mama za ki ce. Shekara talatin da ɗaya na yi da uban yaron nan, kuma mun yi faɗa kamar kowa. Doka ɗaya ce a gidanmu. Komai zafin rai, ba a kashe fitila ana cikin magana, ba a riƙe hannun wani don ya yi shiru, ba a rufe ido. Masu ji ko sun juya baya magana na bin su. Mu idan ka rufe ido ka bar mutum shi kaɗai. Ku yi faɗanku da ido a buɗe."

Mista Pickett ya ce "Amin" da ƙarfi har tafinta ya fassara shi.

Ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗanta, ɗaya a kan amarya, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauke don ta ƙarasa.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu albarka, masu ji ko kurame, duk wanda ya zo muna so. Ya sa ku tsufa tare."

Desmond ya dubi matarsa, ta dube shi, ɗakin gaba ɗaya ya ɗaga hannu ya ce amin.